Hinjin ƙofar 911: aikin da ya cancanci a tafa masa

Duk mai son tsohuwar Marsandi 911 ya san inda ta fi ba da tausayi. Injinta na OM 352 mai silinda shida zai yi ta gurnani har jikokin mai ita su gaje ta, amma ƙofar direba ta riga ta sunkuya. Sai an ɗago ta da gwiwa, an maka ta da ƙarfi, wani lokacin ma da tsinken roba ake ɗaure ta. Shi ya sa na kasa yin shiru a kan gyaran hinjin ƙofar wata 911 da na ga wani dattijo mai sassaƙa ƙarfe ya yi a Panteka ta Kaduna. Wallahi aikin nan ya burge ni matuƙa!

Motar ta cancanci irin wannan hidima. Tun 1959 kamfanin Daimler-Benz na Jamus ya fara ƙera wannan jerin motoci masu gajeren hanci, lambar 911 kuwa tana nufin tan 9 da ƙarfin doki 110. Da aka buɗe ANAMMCO mai harhaɗa motocin Marsandi a Enugu a 1980, sai irinsu suka ƙara cika hanyoyinmu: a Legas aka mai da su molue, a Arewa aka ɗora musu bodin katako suna jigilar hatsi da shanu. Ka lissafa sau nawa aka buɗe ƙofar nan cikin shekara arba'in, ga direba yana rataya a jikinta duk lokacin da zai hau, ga ƙurar hunturu tana cakuɗuwa da tsohon giris tana cin ƙarfe a hankali. Fin ɗin hinji ya rame, ramin da yake zaune ya koma kamar ƙwai. Ɗan wasan da bai wuce milimita ɗaya ba a hinji, kafin ya isa bakin ƙofa ya ninka, kulle ya daina haɗuwa da maƙalinsa.

Abin da ya fara saye zuciyata shi ne Baba bai taɓa guduma ba sai da ya gama kallo. Ya buɗe ƙofar rabi, ya kama gindinta ya ɗaga ya sauke, idonsa na kan hinjin sama, don shi ne nauyi ke ja waje, na ƙasa kuwa tura shi ake yi ciki. Ya zana layi kewaye da kowane hinji don ya san mazauninsa na asali. Yaransa suka tokare ƙofar da jak da katako, sannan aka gasa fin ɗin da wuta saboda tsatsa, aka koro shi daga ƙasa.

Direban motar ya ce, "Baba, a sa washa a ɗan ɗana walda mana, gobe ina da lodi."

"Ɗana, in walda kake so, ga su can a layin baya. Ni nan ramin zan mayar da'ira."

Kai, wannan amsa ta yi mini daɗi! Na sha ganin hinjin da aka cusa wa guntun rodi, ko aka lanƙwasa shi da jak don ƙofa ta ɗago, bayan 'yan watanni ta dawo gidan jiya, ginshiƙin kan motar ma ya tsage.

Baba ya ɗaure hinjin a mamatsi, ya faɗaɗa ramin daidai gwargwado har ya koma zagaye sumul. Inda ƙarfen ya cinye sosai, sai da ya cike shi da walda kafin ya sake hudawa. Daga nan ya ɗora guntun tagulla a injin sassaƙa, ya fara fitar da bushin, wato zoben da fin zai zauna a ciki. Da ka ga yadda ɓarɓashin tagullar ke zuba a kan takalminsa, yana tsayawa yana awo, yana ƙara aske abin da ido ba ya gani! Bushin ya shiga rami da matsi, sai da aka danna shi da mamatsi. Sabon fin kuwa da babban yatsa ya tura shi, ya shige lum, ba ya girgiza ko kaɗan. Hikimar tagulla ita ce ta fi ƙarfen fin laushi, don haka ita za ta riƙa cinyewa. Ranar da ta ƙare, a zare ta a sa wata, hinjin Jamus yana nan lafiya lau.

Sai kuma abin da yawancin masu gyara ke tsallakewa. Kafin ya ɗaure notuka, ya zura doguwar sandar ƙarfe miƙaƙƙiya ta ramin hinjin sama har cikin na ƙasa, don su tsaya a layi ɗaya. In suka saɓa, ƙofa za ta riƙa cije, sabon bushin ya lalace da wuri. Maƙalin kulle kuwa tun farko ya kwance shi, sai da ƙofar ta zauna daram da kanta, tazarar gefe da gefe ta yi daidai, sannan ya mayar da shi ya saita. Ya cika fin da giris, ya goge wanda ya ɓullo don kada ƙura ta samu wurin maƙalewa.

Direban ya tura ƙofar da yatsu biyu, ta rufe ƙyas. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa, yana dariya yana cewa, "Allah ya ƙara basira, Baba!" Ni ma sai da na karɓa na gwada.

Aikin ya cinye yini guda, kuɗinsa ya fi na walda, kuma ko sisi ban ga ya tafi a banza ba. Mai tsohuwar 911, ko Bedford, ko a-kori-kurar Peugeot 404, in ƙofarka ta fara sunkuyawa, kada ka bari ta ci kulle da robar gefe. Ka nemi mai injin sassaƙa a Panteka ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka ce bushin tagulla kake so, kuma ka tsaya a wurin ka ga an zura sandar nan kafin a ɗaure noti.