Matafiyi Ya Fara Iya Neman Ceto Kafin Ya Iya Gaisuwa

Wani sabon yayi ya shigo mana ta waya: koyon Koriyanci daga finafinai. A Birnin Kudu za ka ji yarinyar da ba ta taɓa wuce Kano ba tana kiran "oppa", wato yaya, tana rufe saƙo da "saranghae", wato ina son ka. Ba na ganin laifin kowa, don koyon harshe ba ya taɓa zama asara. Inda nake da ja shi ne jerin da ake bi. An fara da soyayya da gaisuwa, an bar abin da matafiyi zai buƙata ranar da ya shiga matsala.

A daren 29 ga Oktoba, 2022, turmutsutsi ya auku a unguwar Itaewon da ke Seoul, mutum 159 suka rasu, 26 daga cikinsu baƙi ne daga wasu ƙasashe. Wanda ya tsinci kansa a irin wannan turmutsutsi, abin da zai amfane shi shi ne "dowajuseyo", wato a taimake ni, da "apayo", ina jin ciwo, da "byeongwon", asibiti. Sai lambobi biyu: 119 ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana, 112 ta 'yan sanda. Duka ba su kai a cika tafin hannu da su ba, amma ka tambayi masu haddace sunayen jarumai ka ji ko akwai wanda ya riƙe su.

To, mu nawa ne za mu je Koriya? Ƙalilan. Tafiyar da mutanen Birnin Kudu da Gwaram suke yi kowace shekara, ƙwansu da ƙwarƙwata, ita ce ta Makka, kuma can ma matsalar ɗaya ce.

Duk wanda ya taɓa leƙa wurin bitar maniyyata ya san yadda take. An haɗa siffar Ka'aba da katako da baƙin yadi, malam na riƙe da lasifika, dattawa na kewayawa suna maimaita talbiyya har ta zauna. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka wa malamai. Amma ga tsohuwa daga wani ƙauyen Gwaram, ta haddace addu'ar ɗawafi da ta sa'ayi da Larabci tsaf, sai dai in jiri ya ɗebe ta a hanyar jifan Shaiɗan ba ta san yadda za ta gaya wa askar tana da ciwon suga ba. Wadda ta iya riƙe doguwar addu'a, jimla biyar ba za ta gagare ta ba: "sa'iduni", ku taimake ni, "ana marid", ko "marida" ga mace, ba ni da lafiya, "indi sukkar", ina da suga, "indi daght", ina da hawan jini, "moya", ruwa, kamar yadda mutanen Saudiyya ke faɗa a titi. A haɗa mata da 911, lambar gaggawa a Makka, da 997 ta motar asibiti.

Za a ce ai Hausawa sun cika Makka, ga jami'an alhazai, ga waya mai fassara. Gaskiya ne, a ranar da komai ke tafiya daidai. Amma a turmutsutsin Mina na 2015, wanda ya ci ɗaruruwan 'yan Najeriya, babu wanda ya samu sararin lalubo waya a aljihu. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum fiye da 1,300 sun rasu. A irin wannan rana caji na ƙarewa, layi na cunkushewa, abokin tafiya na ɓacewa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in wanda ya tsayar ya gane abin da yake tambaya.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A ware minti goma a ƙarshen kowane zaman bita, a maimaita waɗannan jimloli da murya kamar yadda ake yi wa talbiyya. A gayyato ma'aikatan jinya, ga su nan a Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, su nuna alamomin bugun zafi da faɗuwar suga. A buga ƙaramin kati da boko da ajami, a rubuta ciwon mutum da maganin da yake sha da Larabci, a rataya masa tare da katin Nusuk, katin shaidar alhaji. Ɗaliban Islamiyya su riƙa yi wa kakanninsu tilawa a gida.

Kira na ga Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Jigawa da malaman bita: a sa wannan cikin darasi tun daga zaman farko, kada a bari sai an taru a filin jirgin Dutse. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma masu son Koriyanci, ku ci gaba, amma ku fara da 119.