Canji: Kalma Ɗaya, Ma'ana Uku

Daga Ingilishi Hausa ta aro kalmar canji, amma ta yi gida a Matamaye, inda ƴan boko da Faransanci suka yi karatu. Hanyar Kano ta biyo, ta Daura da Ɗan Barto.

A kasuwa, canji shi ne ragowar kuɗin mai saye. A wurin ƴan canji, musanyar naira da sefa ce. A siyasa kuwa alkawari ce: da ita ƙawancen AFC ya kai Mahamane Ousmane kan mulki a 1993, da ita Buhari ya ci zaɓen 2015. Jam'iyyar RDR ma ta ɗauke ta, sai dai ta rubuta "Tchanji" bisa ƙa'idar Faransanci, alhali Hausa tana da harafin c.

Masu son a kore ta, a sa sauyi a gurbinta, sun yi kuskure, domin ba mai tambayar mai tebur sauyinsa. Aikin malami shi ne koya wa ɗalibi rarrabe ma'anonin, ta yadda in ɗan takara ya ce canji, mai zaɓe zai tambaye shi: na mulki, ko na aljihu?