Hannu a Bangon Littafi: Sharhi kan Bugun Farko da Masu Tara Shi

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa mun saba, idan littafi ya zo hannunmu, mu tsallake bango mu faɗa cikin labari muna neman jigo da salo da zubi. Ba kasafai muke tsayawa kan farar takardar nan da ke bayan bango ba, inda marubuci kan sa hannu ya ba wani kyauta, ko mai littafi ya rubuta sunansa da garinsu da shekara. Wannan sharhi zai yi ƙoƙarin nuna cewa wannan ɗan rubutu shaida ne na tarihin karatun Hausa, kuma darajarsa ba ta kuɗi ba ce kamar yadda 'yan gwanjo suka ɗauka. Za mu kafa hujja da garin Suleja.

Yadda abin yake a waje

A Ingila da Amurka tara bugun farko sana'a ce mai zaman kanta. Littafin da marubucinsa ya sa wa hannu ya fi wanda ba a sa wa ba tsada, wanda kuwa aka rubuta wa wani sananne da sunansa ya fi su duka. Amma ko a can, masana sun san amfanin abin ya wuce farashi. A 2019 aka gano cewa rubutun da ke gefen shafukan wani kwafi na bugun farko na wasannin Shakespeare, wanda aka buga a 1623 kuma yake ajiye a wani laburare a Filadelfiya, hannun mawaƙi John Milton ne. Kwafin bai ƙaru da ko shafi ɗaya ba, sai dai ya nuna yadda wani babban marubuci ya karanta wani.

Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu na zaure, tun kafin zuwan boko, idan sun gama juyar littafi sukan rubuta sunan mai juyawa da na wanda aka juya wa, wani lokaci har a bayyana cewa waƙafi ne. Littattafan Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962, suna Jami'ar Northwestern a Amurka, inda masana ke bin irin waɗannan alamomi don sanin hanyoyin da ilimi ya bi. Ke nan abin da muka yi sake da shi a boko, mun gaje shi a gafaka.

Misalin Suleja

A 1952 Kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, na Malam Hassan, Sarkin Ruwan Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi. A wannan shekara kuma Frank Heath ya fitar da fassarar aikinsu cikin Ingilishi a Ibadan da sunan A Chronicle of Abuja, aka sake buga ta a Legas a 1962. Aikin ya ba da labarin yadda Makau ya bar Zazzau lokacin jihadi, da yadda ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Muhimmancinsa shi ne ya zo da tarihin daga bakin waɗanda aka kora, alhali mafi yawan abin da aka rubuta kan jihadi ya fito ne daga ɓangaren waɗanda suka ci nasara. M. G. Smith ya amfana da bayanan Malam Hassan a littafinsa kan sarautar Zazzau na 1960.

To, a nan ne rubutun bango ke da magana. A 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar kafa sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Saboda haka duk kwafin da aka rubuta wa Abuja da wata shekara kafin 1976, Suleja yake nufi. Ɗalibin da bai san haka ba zai ɗora littafin a garin da ba a ma haƙa harsashinsa ba a lokacin. A ce a wani tsohon gida a Magajiya an buɗe adaka an tarar da irin wannan kwafi, marubucin ya rubuta wa wani malamin makaranta da hannunsa. Layi biyu kacal za su gaya mana cewa littafin ya koma ga mutanen da aka rubuta tarihinsu, da wanda ya karɓa, da shekarar da ya karɓa. Babu wani kundin bincike da zai ba mu wannan.

Dalilin fifita bugun farko

Wani zai ce ai labari ɗaya ne, ko a tsohon bugu ko a sabo. Ba haka ba ne. Littattafan da suka fito daga gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun bi ta hannun masu bugu daban-daban, har zuwa kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. A tsakanin nan ƙa'idojin rubutun Hausa sun yi ta sauyawa, an yi taro a kansu a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Wanda ya yanke wa marubuci hukunci kan rabin kalma ko haɗa ta, yana riƙe da bugu na baya-bayan nan, mai yiwuwa ne edita yake yi wa shari'a ba marubuci ba.

Matsalar ta fi tsanani a littattafan da suka yi tashe a Kano daga wajajen 1985, zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Da yawa daga littattafan wancan yayi marubutan ne suka buga da kuɗinsu, wasu ma ba a sa musu shekara ba. A irin wannan hali, kwanan watan da wata mai karatu ta rubuta ƙarƙashin sunanta shi ne kaɗai zai iya tabbatar da cewa littafin ya riga ya fito a lokacin.

Inda masu tarawa ke kuskure

Duk da haka, ba ma goyon bayan tarawa don tarawa. Na farko, sa hannu ba ya gyara littafi. Labarin da zarensa ya tsinke, ko sarki ne ya sa masa hannu, tsinkakke ne. Na biyu, inda farashi ya hau, jabu kan biyo baya. Na uku, kuma mafi muni, mai tarawa kan raba littafi da mahallinsa. Kwafin da aka rubuta wa mutumin Suleja yana da cikakkiyar ma'ana ne muddin akwai wanda zai ce wane ne shi, ɗan wace unguwa. Da zarar ya shiga akwatin gilashi a wata ƙasa, sunan ya zama tawada kawai.

Mu ma a gida muna da namu laifi. Magada sukan yage shafin da ke ɗauke da sunan mahaifinsu kafin su sayar da littattafansa, don kunya kada a ga sunan a kasuwa. Abin da ya tsira daga wannan, sai gara ta ci, ko ya ƙare a hannun mai ƙosai.

Kammalawa

Shawararmu ga sassan Hausa ita ce, ɗalibin da zai yi nazarin littafi a buƙaci ya faɗi bugun da ya yi aiki da shi, da abin da ya gani a bangonsa. Masu zuwa hutu Suleja ko Zariya ko Katsina su nemi izinin iyalai, su ɗauki hoton waɗannan shafuka, su rubuta bayanin mai littafin daga bakin 'ya'yansa, sa'an nan su bar littafin a gidansu. Mun daɗe muna rubuta tarihin waɗanda suka rubuta Hausa. Tarihin waɗanda suka karanta ta yana nan a bayan bango, kuma dattawan da za su iya gane hannun da ya rubuta shi kullum raguwa suke yi.