Kunne Ya Girmi Makirufo

Yawancin waƙoƙin da ke fita daga situdiyoyin Kano a yau, daga cikin fiyano da kwamfuta kiɗansu yake fitowa. Waya ce ke kai shi inda za a naɗe shi, ba ruwansa da iskar ɗaki. Amma ranar da mai goge ko mai gurmi ya yi sallama da kayansa a rataye, ranar ake gane injiniyan sauti na gaske. Kiɗan ƙwarya da fata da tsirkiya sai ya ratsa iska kafin ya isa na'ura, kuma duk abin da ya tarar a hanya tare za su shiga.

Gwani ba ya fara taɓa makirufo. Zai shimfiɗa wa baƙonsa darduma, ya ce, "Baba, ɗan taɓa mana mu ji." Tsoho na fara jan izga, shi kuma sai ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya riƙa zagaya shi: ya durƙusa, ya miƙe, ya matso, ya ja baya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wasa yake. Alhali makirufo kunne ɗaya gare shi, shi ya sa gwanin yake sauraro irin nasa. In ya matsa kusa da tsirkiya, ƙartar izga ce ke cika masa kunne. In ya sauko daf da fatar ƙwaryar, sai gunji ya danne zaƙin. Can wajen kamu ɗaya daga gogen, ɗan sama kaɗan, sai su haɗu su zama murya guda. Nan yake kafa ƙarfen makirufo. Sai bayan haka yake tunanin wanne zai ɗora a kai.

Iri biyu ne suka fi yawa a ƙananan situdiyo. Na farko shi ne dainamik, mai naɗin waya da maganaɗisu a ciki, tamkar lasifika ce da ke aiki a juye. Jakin aiki ne: ba ya buƙatar wuta, ba ya tsoron ƙara, yana jure faɗuwa. Shure SM57, wanda ya fito a 1965, har gobe shi ake miƙa wa ganguna a faɗin duniya. Kalangu da algaita da kakaki, waɗanda aka yi su don fili da taro, irin wannan ne daidai da su.

Na biyu shi ne kwandensa. Fatarsa ta fi bawon albasa siranta, don haka motsin iska kaɗan ma yana girgiza ta. Yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48, wadda akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta yake tura masa ta cikin waya. Akwai masu sauƙin kuɗi irin Audio-Technica AT2020 da Rode NT1, akwai kuma manya irin Neumann U87 na Jamus. Shi ne abokin gurmi da garaya da molo da jita. A tuna kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos: ɗan gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya tak, kuma duk daɗinsa yana cikin wannan 'yar ƙara mai kaifi da ke tashi da zarar an taɓa tsirkiyar. Makirufo mai nauyin ji zai iya haɗiye ta.

To ai sai a ce kowa ya sayi kwandensa ya huta. Nan ne gwani ya sha bamban da mai kuɗi. Kwandensa ba ya rufa wa ɗaki asiri. Yana jin fanka, yana jin janaretan maƙwabta, yana jin hon ɗin A-daidaita-sahu, yana kuma jin amsa-kuwwar bangon siminti. Shi ya sa gwani kan tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗaki ya saurara. In tafin ya dawo masa da ƙarar gwangwani, sai a jingina katifa a bango, a rataya bargo, a shimfiɗa kafet. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa, ba ya hana ƙarar waje shigowa. In ɗakin ya ƙi gyaruwa, sai ya mayar da makirufo mai tsada cikin akwatinsa, ya ɗauko dainamik ya matso da shi kusa. Lissafinsa mai sauƙi ne: duk lokacin da aka rage rabin tazara, ƙarfin kiɗan yana ƙaruwa da kusan desibel 6, hayaniyar unguwa kuwa tana nan yadda take. Ya kuma san yawancin waɗannan makirufo gabansu suke ji, ba sa jin ƙeyarsu, don haka yakan juya ƙeyar wajen taga. Sai dai kusanci ma da iyakarsa, domin in an matsa da yawa sautin yakan yi kauri, gurmi ya koma kamar ganga. Sarewa kuwa, ba a sa mata makirufo saitin baki, in ba haka ba huci za a naɗa.

Hedifon ma iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Mai rufaffen baya na makaɗi ne lokacin ɗauka, don kada abin da yake ji ya tsiyayo ya koma cikin makirufo. Sony MDR-7506, da ake yi tun 1991, da Beyerdynamic DT 770 Pro sun yi suna a nan. Mai buɗaɗɗen baya, irin Sennheiser HD 600, na injiniya ne lokacin tacewa, domin yana barin sauti ya sha iska, kunne ba ya saurin gajiya. Gwani yana duba lambar om kafin ya biya kuɗi. DT 770 yana zuwa da 32 ko 80 ko 250, kuma ƙaramin akwatin da ke shan wuta daga kwamfuta kan sha wahala wajen tura mai 250. Gwanin yana gudun hedifon ɗin kasuwa mai ƙara wa kiɗa nauyi, don maroƙi ne, yabo kawai ya iya. Yana gudun marar waya, don sautinsa kan makara, ya rikita makaɗi. Yana kuma lura da jabu, domin sanannun makirufo da hedifon su ne aka fi kwaikwayo.

Akwai abin da ba a rubuta a jikin kwali ba. Tsohon makaɗi ya shekara arba'in yana jin kiɗansa ta iska da ta ƙirjinsa. In aka rufe masa kunnuwa biyu, sai hannunsa ya canza. Gwani na ganin haka yakan ce, "Baba, a zame na kunne ɗaya." Nan take kiɗan ya dawo hayyacinsa.

In an gama, gwani yakan goge kwandensa ya rufe shi, don ƙurar hunturu da damshin damina duk abokan gabarsa ne. Sannan ya saurari aikin a 'yar lasifikar waya, inda mafi yawan jama'a za su ji shi. Amma alƙalin ƙarshe yana zaune a kan darduma. Za a sa masa hedifon a kunna, kowa ya yi tsit. In tsoho ya runtse ido, yatsunsa suka fara motsi a kan gwiwa kamar suna bin tsirkiya, sannan ya ɗago ya ce, "Wannan gogena ne," to an yi zaɓi daidai. Ba zai tambayi sunan makirufon ba, gwanin ma ba zai faɗa ba.