Naira, Dala da Jika: Tarken Ƙa'idojin Rubuta Lamba da Kuɗi a Manhajojin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Kafin wayar hannu ko na'urar cirar kuɗi ta nuna wa mutum abin da ya rage a asusunsa, sai an yanke wasu hukunce-hukunce na rubutu. Sai an san alamar kuɗin da za a sa da kuma wurin da za ta zauna, sai an san abin da zai raba dubbai da ɗaruruwa, sai kuma an san yadda za a nuna cewa bashi ne ake bin mai asusun. Mai rubuta manhaja ba ya haddace waɗannan ƙa'idoji na kowace ƙasa. Abin da yake yi shi ne ya sa manhajarsa ta tambayi kwamfutar da take aiki a cikinta, ita kuma ta ciro amsa daga wani kundi da aka tanada wa harshe da ƙasar mai amfani da ita. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken wannan tsari ta fuskar harshe, ta nuna inda ya yi nasara da inda ya gaza, musamman ga harshen da masu magana da shi suke hulɗa da kuɗi fiye da iri ɗaya, kamar Hausa.

2.0 Jadawalin Ƙa'idoji da Yadda Ake Tambayarsa

Tushen wannan tsari yana cikin daidaitaccen harshen kwamfuta na C, wanda aka amince da shi a Amurka a shekarar 1989, hukumar ISO ta karɓe shi a 1990. A cikinsa akwai umarni mai suna localeconv, wanda idan manhaja ta kira shi yake miƙo mata jadawali mai suna lconv. Jadawalin yana da gurabe 18 a farkon fitowarsa, aka ƙara shida a gyaran 1999 suka zama 24. Uku daga cikinsu sun shafi lamba zalla, wato alamar ɗigo, da alamar raba dubbai, da yawan alƙaluman da ake tarawa rukuni guda. Sauran duka na kuɗi ne: alamar kuɗin gida, da laƙabinsa na duniya mai haruffa uku bisa ma'aunin ISO 4217, da yawan alƙaluman da ke bin ɗigo, da mazaunin alamar, da hanyar nuna ragi. Ana kiran kowane kundi da sunan harshe haɗe da na ƙasa, alal misali ha_NG, wato Hausar Nijeriya. Ga yadda adadi yake fitowa a ƙasashe huɗu:

(1) Nijeriya: ₦1,234,567.89
(2) Jamus: 1.234.567,89 €
(3) Indiya: ₹12,34,567.89
(4) Nijar: 1 234 567 F CFA

Dole a yaba wa waɗanda suka tsara jadawalin a kan abu biyu. Na farko, sun raba ƙa'ida da manhaja, ta yadda manhaja guda za ta yi aiki a Legas da Hambug ba tare da an sake rubuta ta ba. Na biyu, sun lura cewa tara alƙaluma uku-uku al'ada ce ta wasu ƙasashe kawai, saboda haka suka bar gurbin a buɗe har ya ɗauki tsarin Indiya na misali (3), inda ake ware uku na ƙarshe sannan a bi sauran biyu-biyu. Amfanin wannan a fili yake idan aka tuna cewa 1.500 a Jamus dubu ɗaya da ɗari biyar ne, a Nijeriya kuwa ɗaya da rabi ne.

3.0 Raunin Tsarin

3.1 Kundin da Babu Kowa a Cikinsa

Kowace manhajar C tana fara aiki ne a ƙarƙashin wani kundi na asali wanda ba na kowace ƙasa ba. A cikinsa ɗigo kaɗai aka cike, sauran gurabe kuwa wayam suke. Matuƙar mai rubuta manhaja bai ba da umarnin a ɗauko kundin mai amfani ba, to adadi zai fito babu alamar kuɗi, babu rarrabe dubbai, kuma da ɗigo irin na Ingilishi. Ke nan abin da aka ɗauka a matsayin ɗan ba-ruwanmu yana da ɓangaren da ya fi karkata. Ɗan Nijeriya ba zai ji ciwon wannan ba domin ɗigon ya dace da abin da ya koya a makaranta, amma Bahaushen Damagaram da ya koyi lissafi da waƙafi irin na Faransanci shi ne zai ɗauki nauyin fassara wa kansa.

3.2 Harshe Ɗaya, Kuɗi Barkatai

Jadawalin lconv yana da gurbin alamar kuɗin gida guda ɗaya tak. Wannan ya ginu ne a kan zaton cewa mai harshe ɗaya yana zaune a ƙasa ɗaya yana kashe kuɗi iri ɗaya. Hausa ta saɓa wa wannan zato. Ana ciniki da ita da Naira a Nijeriya, da Sefa ta Afirka ta Yamma a Nijar, da Sefa ta Afirka ta Tsakiya a Kamaru da Cadi, da kuma Sidi a zangunan Gana. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi yana riƙe da kuɗi iri biyu a aljihu ɗaya, yana lissafa su da harshe ɗaya. Sa'annan kuɗaɗen ba su da siga guda: ma'aunin ISO 4217 ya ba Naira alƙaluma biyu bayan ɗigo saboda kwabo, bai ba Sefa ko ɗaya ba. Idan manhaja ta ɗauki alama daga kundin harshe ta liƙa wa adadin da aka lissafa da wani kuɗin daban, za a sami rubutu mai kyan gani wanda ƙarya ce tsagwaronta. Haka abin yake ga Yarabanci, wanda ake magana da shi a Nijeriya da Jamhuriyar Benin.

Wani abin lura shi ne kuɗi yana sauyawa alhali kundi yana nan yadda aka bar shi. A 2007 Gana ta sake fasalin Sidi, dubu goma na tsohon suka koma ɗaya na sabon, laƙabinsa ya tashi daga GHC zuwa GHS. Jadawalin ba shi da gurbin kwanan wata, don haka ba ya iya bambance adadin da aka rubuta kafin sauyin da wanda aka rubuta bayansa.

3.3 Alamar Naira da Ta Kwabo

An fara amfani da Naira ranar 1 ga Janairun 1973. Alamarta ba ta samu shiga jerin haruffan Latin na ISO 8859-1 da kwamfutoci suka daɗe suna aiki da shi ba. Wannan ya sa ma'aikatan ofis suka ƙirƙiro dabarunsu: wasu su rubuta N kawai, wasu =N=, wasu ma su ari alamar #. Unicode ya ba alamar mazauninta a lamba U+20A6, amma tsofaffin dabarun ba su gushe daga takardu ba. Akwai kuma rubutun da aka saba gani a rasit, irin ₦20.50k, wanda yake ɗauke da alama biyu, ta Naira a gaba, ta kwabo a baya. Jadawalin bai san da ƙaramin kuɗi mai alamar kansa ba, saboda haka ba ya iya fitar da wannan siga. Ana iya cewa rashin ya zama alheri, domin maimaici ne a sa ɗigo kuma a sa harafin kwabo. Duk da haka, na'ura ce ta yanke hukuncin da ya kamata masana ƙa'idojin rubutu su yanke.

3.4 Abin da Baki ke Faɗa

Nan ne gibin ya fi faɗi. Jadawalin yana yi wa adadi ado ne kawai, ba ya taɓa ƙimarsa. Ƙidayar kuɗi a bakin Hausawa kuwa tana taɓa ƙimar. A Nijar ba a ƙirga Sefa da tamma ɗaya-ɗaya a kasuwa, da dala ake ƙirgawa, kuma kowace dala tamma biyar ce:

(5) 25 F: dala biyar
(6) 100 F: dala ashirin
(7) 500 F: dala ɗari
(8) 1 000 F: jika ɗaya
(9) 5 000 F: jika biyar

Wato mai karanta (7) sai ya raba adadin gida biyar kafin ya furta shi. A Nijeriya ma tsohuwar ƙidaya ta bar saura. Da aka yi canjin 1973, fam ɗaya ya koma Naira biyu, sule ya koma kwabo goma, jaka wadda take fam ɗari ta zama Naira 200. Yarabawa ma suna da àpò mai wannan ƙima. Sakamakon haka, jaka biyar a bakin dattijon Kano ₦1,000 ce, jika biyar kuwa a Maraɗi Sefa 5,000 ce. Kalma ce guda mai ƙima biyu, kuma babu gurbi ko ɗaya cikin 24 da zai iya riƙe wannan bayani.

Muddin manhaja tana nuna alƙaluma ne a allo, mai karatu zai cike gibin da kansa. Matsalar tana tasowa ne idan aka ce na'ura ta karanta adadi da murya ga wanda bai yi boko ba, ko ta karɓi adadin da ya furta. Manomin da aka karanta wa 500 F da cewa ɗari biyar zai iya ɗauka dala ake nufi, ya sa rai da 2 500 F. Kuskuren da ya ninka kuɗi sau biyar ya wuce a kira shi ƙaramin tuntuɓen rubutu.

4.0 Gyaran da CLDR Ya Kawo

Rumbun bayanan harsuna na CLDR, wanda ya fara fitowa a 2003 kuma ya koma hannun ƙungiyar Unicode a 2004, ya toshe wasu daga waɗannan kafofi. Ya raba harshe da kuɗi, ta yadda manhaja za ta nemi a rubuta mata Sefa bisa ƙa'idar Hausa. Yana riƙe da tarihin kuɗin kowace ƙasa da shekarunsa. Ya tanadi gurbin taƙaita manyan lambobi, wanda yake da muhimmanci ga Hausa domin jaridu suna rubuta Naira miliyan 5 ne, kalmar ninki tana gaban alƙalami, saɓanin Ingilishi. Haka kuma ya ware kundi ga Hausar Nijeriya da ta Nijar da ta Gana.

Sai dai tsarinsa na gado ne. Duk abin da kundin ƙasa bai faɗa ba, ana ɗauko shi daga uwar kundin harshen, ita kuwa uwar an gina ta ne a kan Hausar Nijeriya. Ma'anar wannan ita ce duk inda masana Nijar suka yi shiru, al'adar Nijeriya ce za ta yi magana a madadinsu. Game da ƙidayar dala kuwa, rumbun ya gaji zaton magabacinsa, cewa adadin da ke rubuce shi ne adadin da ake furtawa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa jadawalin lconv ya ƙware wajen adana al'adar rubutu ta hukuma da banki, amma abin da ya adana na ƙasa ne ko da yake sunan harshe yake ɗauke da shi. CLDR ya faɗaɗa gurabe, ya bar cike su ga masu harshen, domin ana tattara bayanansa ne ta hanyar gabatar da shawara da kaɗa ƙuri'a. Tarurrukan daidaita rubutun Hausa, irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, sun fi mayar da hankali ga haruffa da haɗa kalmomi da raba su. Aikin da ya rage wa sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i, da Cibiyar Harsunan Nijeriya ta Ƙasa da ke Aba, da takwarorinsu na Nijar, shi ne su fitar da matsaya a rubuce kan alamar ɗigo da ta dubbai a kowace ƙasa, da mazaunin alamar kuɗi, da siffar taƙaita miliyan da biliyan, da kuma ƙa'idar furta adadi wadda za ta bayyana lokacin da ake nufin dala da lokacin da ake nufin tamma. Bayan haka sai a shigar da matsayar cikin rumbun da manhajoji suke tambaya, a kuma yi irin wannan aiki ga Yarabanci da Ibo da Fulfulde da Kanuri.