Al'adar Cin Abinci a Ƙananan Gidajen Abinci na Koriya ta Kudu

Ƙaramin gidan abinci, wanda Koriyawa ke kira sikdang, ginshiƙi ne a rayuwar yau da kullum ta Koriya ta Kudu. Galibi ɗaki ɗaya ne ko biyu a cikin lungu, ko bakin kasuwa, ko kusa da tashar mota, da 'yan tebura kaɗan, kuma mata da miji ko uwa da 'ya'yanta ne ke gudanar da shi. Yawancin irin waɗannan gidaje sukan shahara da abinci iri ɗaya: wani romon ƙashin saniya, wani taliya mai sanyi, wani gasasshen kifi. Akan rubuta sunayen abincin da farashinsu a bango, kuma sau da yawa ba su da yawa. Abin da ya bambanta su da manyan gidajen abinci shi ne tsarinsu na cin abincin gida: mai saye yana zama ne a gaban irin teburin da zai tarar a gidan iyayensa.

Al'adar tana da tushe a zamanin daular Joseon, wadda aka kafa a 1392. A kan hanyoyin fatake da wuraren cin kasuwa akwai masaukai da ake kira jumak, inda matafiyi ke samun makwanci da abin sha da gukbap, wato shinkafa a cikin romo mai zafi. Da birane suka bunƙasa, sai sana'ar ta zauna wuri ɗaya. Gidan Imun Seolnongtang da ke Seoul, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1900, har yau yana sayar da romon ƙashin saniya, kuma ana lissafa shi a matsayin mafi daɗewa a birnin.

Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya sauya abin da ake dafawa. 'Yan gudun hijira daga arewa sun yaɗa naengmyeon, taliya mai sanyi, a biranen kudu. A Busan, inda garin alkama na agaji ya fi samuwa, aka sarrafa ta zuwa milmyeon. A Uijeongbu kuwa, kusa da sansanonin sojan Amurka, aka riƙa haɗa naman gwangwani da kimchi, wato tsimammen kabeji, da barkono a tukunya ɗaya, abin da ya zama budae-jjigae. Abincin da yunwa ta haifar ya zama abin marmari a yau.

Gwamnati ma ta sa hannu. A zamanin mulkin Park Chung-hee shinkafa ba ta wadatar da ƙasar, don haka daga 1969 aka hana gidajen abinci sayar da ita da rana a ranakun Laraba da Asabar, aka kuma umarce su su riƙa gauraya ta da sha'ir ko wani hatsi. A shekarun 1970 hukumomi suka ƙayyade girman kwanon shinkafa. Wannan ne asalin ɗan kwanon ƙarfe mai murfi da ake kawowa a kusan kowane ƙaramin gidan abinci. An janye dokar hana shinkafar a 1977, amma kwanon ya zauna, domin ya sauƙaƙa wa masu sana'ar aiki: akan zuba shinkafa tun da wuri, a jera kwanukan a ma'ajiya mai ɗumi, a ɗauko da zarar baƙo ya zauna.

Abincin da ya fi nuna halin waɗannan gidaje shi ne baekban: kwanon shinkafa, da romo ko miya, da ƙananan faranta masu yawa da ake kira banchan. Ba a bin abinci ɗaya bayan ɗaya. Komai yana sauka a tebur lokaci guda. Shinkafa da romo na kowa daban ne, banchan kuwa na tarayya ne a tsakiya. A cikinsu akan sami tsiron wake, alayyafo da man riɗi, soyayyar awara, naɗaɗɗen ƙwai, ƙananan busassun kifi, da ganyen teku. Kimchi ba ya rashi. Kabeji ne da aka jiƙa da gishiri, aka cuɗa da garin barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi ko ƙananan jatan lande masu gishiri, aka bar shi ya tsimu. Barkono bai isa Koriya ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, don haka jan kimchi bai kai sauran nau'o'insa tsufa ba. Ɗanɗanon miya kuma ya dogara ne ga jang, kayan haɗi na tsimammen waken suya. Ɗaya daga cikinsu, doenjang, yana yi wa miyar Koriya irin aikin da daddawa ke yi wa miyar kuka. Hukumar UNESCO ta sanya kimjang, al'adar haɗuwa a yi kimchin hunturu, cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2013, ta kuma ƙara al'adar yin jang a 2024.

Banchan ba a biyan kuɗinsu daban, kuma wanda ya ƙare ana ƙaro shi kyauta. A nan ne mai gida ke nuna gwanintarsa, domin abokan ciniki na dindindin suna auna gida da kimchinsa da ganyayensa kafin su auna shi da nama.

Hidima a waɗannan wurare ba ta da ƙawa. Baƙo yakan zaɓi wurin zama da kansa, ya jawo aljihun da ke gefen tebur ya ɗauki dogon cokali da tsinkayen ƙarfe, ya zuba wa kansa ruwa ko shayin sha'ir. Idan yana buƙatar wani abu, sai ya danna ƙararrawar tebur ko ya ɗaga murya. Babu mai ganin hakan rashin ladabi ne. Mace mai hidima da ta manyanta akan kira ta imo, wato inna, mai gida kuma sajangnim. Ana kawo almakashi don yanka nama ko taliya. A wasu gidaje akan cire takalmi a zauna a ƙasa gaban gajeren tebur, ko da yake kujeru suna ta maye gurbin wannan zama. Ana biyan kuɗi a kanta wajen fita, kuma ba a ba da tukuici.

Duk da wannan sauƙin kai, ladubban da suka samo asali daga koyarwar Confucius suna nan. Babba ne ke fara ɗaukar cokali. Ƙarami yana zuba wa babba abin sha da hannu biyu, yana karɓa da hannu biyu. Ba a soka tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, saboda hakan ya yi kama da abin da ake yi wa mamata a bukin tunawa da kakanni. Ba a kuma ɗaga kwanon shinkafa zuwa baki, saɓanin yadda ake yi a Japan da Sin. Biyan kuɗi a al'adance yana kan babba ko wanda ya yi gayyata, amma matasa sun fi raba kuɗin a tsakaninsu.

Masu nazarin wannan al'ada suna nuna cewa karamcinta yana da tsada, kuma wasu ne ke ɗaukar nauyin. Faranta masu yawa suna nufin yanka da dafawa da wanke-wanke na tsawon yini, aikin da mafi yawa mata masu matsakaicin shekaru ke yi, da yawansu 'yan asalin Koriya da suka zo daga Sin. Bayan rikicin tattalin arziki na 1997, ɗimbin ma'aikatan da suka rasa aiki sun zuba kuɗin sallamarsu a sana'ar abinci, gasa ta yi tsanani, gidaje da yawa suna rufewa cikin 'yan shekaru. Tsadar kabeji da ta ma'aikata ta sa da yawa sun koma sayen kimchin masana'anta daga Sin, kuma tun 2008 doka ta wajabta bayyana asalin ƙasar nama da shinkafa da kimchi. Ga kuma ɓarna: abin da ya rage a faranta doka ta hana a sake kawo wa wani, ƙasar kuma ta hana binne ragowar abinci a juji tun 2005, daga baya ta ɗora haraji gwargwadon yawan abin da aka zubar. Shi ya sa gidaje da dama suka ware kusurwa inda mai son ƙari zai ɗebo da kansa.

Sauyin zamantakewa ma yana matsa wa tsarin lamba. An gina shi ne don jama'a, har gidajen gasa nama sukan ƙi sayar da ƙasa da kason mutum biyu. Amma yanzu fiye da kashi 1 cikin 3 na gidajen zama a ƙasar mutum ɗaya ne ke cikinsu, cin abinci a kaɗaice, wanda ake kira honbap, ya zama ruwan dare, kuma ana ta ƙara kujerun mutum ɗaya da na'urorin yin oda.

Ga baƙo Musulmi akwai abin lura. Naman alade, musamman samgyeopsal da ake gasawa a tebur, yana daga cikin abin da aka fi ci, kuma giyar soju na raka shi. Romo da yawa da ƙashin alade ake yi, ana kuma sa giyar girki a wasu haɗe-haɗen nama, don haka tambaya wajibi ce tun kafin yin oda. Gidajen abincin halal sun fi yawa a unguwar Itaewon, kewayen Babban Masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, kuma Tarayyar Musulmin Koriya ce babbar mai ba da shaidar halal a ƙasar.

Ƙaramin gidan abinci na Koriya ya ɗore ne saboda yana ciyar da ma'aikaci da ɗalibi da direba abincin gida a farashi mai sauƙi. Ɗorewarsa nan gaba ta rataya ne a kan ko kuɗin da ake biya zai iya ɗaukar nauyin aikin da ke bayan waɗannan ƙananan faranta.