Kafe bai huce ba, amma mamaci ba ya dawowa

Toshikazu Kawaguchi, ɗan Japan, ya fara rubuta labarin nan a matsayin wasan kwaikwayo, sannan ya maida shi littafi a 2015. Mu nan fassarar Faransanci muka samu, Tant que le café est encore chaud. Wani ƙaramin gidan shan kafe ne a Tokiyo, Funiculi Funicula, inda akwai kujera guda da ke maida mutum baya cikin lokaci. Sharuɗɗan dai da tsauri: ba ka tashi daga kujerar, ka shanye kafenka kafin ya huce, kuma duk abin da ka yi can, yau ba ta canzawa.

Sharaɗin ƙarshen nan shi ne littafin. A Hausa muna da jimla mai "da" biyu: da na saurare ta, da ba ta tafi ba. Jimla ce ta abin da bai faru ba kuma ba zai faru ba, ita ce bakin mai makoki. Kawaguchi ya ba mutanensa "da" ta farko, ya hana su ta biyu. Dubi Hirai, wadda ta riƙa ɓuya wa ƙanwarta Kumi, har Kumi ta rasu a haɗarin mota tana komawa gida. Hirai ta koma, ta zauna da ita, ta saurare ta. Kumi dai ta mutu. Babu hisabi, babu azaba, mamaciyar ma ba ta san ta mutu ba. Wurin nan walla marubucin ya iya.

Inda nake da ja da shi, me Hirai ta yi da wannan sauraron? Ta rufe mashayarta, ta koma riƙe masaukin baƙin iyayenta da ta guje wa shekaru. Kei kuma, mai ciwon zuciya, ta zaɓi ta haihu ko da za ta rasa ranta. Sau biyu ke nan "canji" yana nufin mace ta sallama nata. Littafin bai ko tsaya ya tambaya ba, hawaye kawai yake zubawa a kai.

Ga kuma maimaita sharuɗɗa kowane babi, sai ka ce malamin lakol yana bita. Tabon dandali ne da ba a goge ba. Ku karanta babin Hirai da Kumi a hankali, sauran kuwa ku yi gardama da su.